Hatimin Da Turai Ta Wanke

Duk wanda ya zauna a Ba'awa ta ƙasar Kiru a shekarun da gyaɗa take tashe ya san Malam Alkasim. Ko bai riƙe sunan ba ya riƙe fuskar, don agana ta yi mata zanzana tun daga goshi har haɓa. Dogon mutum ne siriri, mai tafiya a hankali kamar yana gudun taka ƙwai. Da damina manomi ne kamar kowa. Da rani kuwa sai ya shige zaure ya duƙufa a kan takarda, yana kwafa wa malaman Kiru da Bebeji littattafai da alƙalamin kara. Hannunsa yana da kyau ƙwarai, magana ce dai ba ta dame shi ba. In ka gaishe shi zai amsa har ya tambayi iyali, in ka zauna hira kuwa, kai da bangon zauren duk ɗaya ne a wurinsa.

Mutanen gari suna cewa girman kai ne. Ƙarya suke yi masa. Mutumin da matarsa ta rasu ba ta bar masa ɗa ba, ba shi da wa, ba shi da ƙane, ba baffa balle ɗan baffa, da wa zai koyi surutu? Shi da uwarsa Turai ne kawai a gidan, kuma su biyun abu ɗaya suke jira tun yana yaro.

Ubansa Malam Ladan baƙo ne a Ba'awa. Karatu ya kawo shi, ya ga wuri ya zauna, aka ba shi Turai. Alkasim yana shekara biyu wani ayarin kanwa ya nemi malamin da zai riƙa ja musu salla yana rubuta musu wasiƙa, Ladan ya bi su arewa, ya ce zai dawo kafin shuka. Aka yi shuka, aka yi girbi, aka sake wata shukar, shiru. Sai a shekara ta uku wani falke ya yi sallama da gafakar Ladan a hannu. Shi ma a kasuwar Kano wani ya ba shi, wancan ma daga hannun wani ya karɓa, abin da kawai ya biyo gafakar shi ne a kai wa iyalin Malam Ladan a Ba'awa. A cikinta akwai littattafansa uku, da wata takarda guda a ninke.

Turai ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ta yanke hukuncinta nan take. Ta ce, "Matacce ba ya rubutu. Tunda ya aiko da takarda, yana nan da ransa." Ba ta nuna wa kowa ba, don a ganinta abin da miji ya aiko wa matarsa ba na idon gari ba ne. Manema suka zo, don Turai ba ta da makusa. Dangi suka ce ta je gaban alƙali a raba auren, shari'a ta ba ta dama. Ta ce ita matar aure ce, a ƙyale ta. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, aka gaji aka bari.

Shekarar da Alkasim ya cika biyar agana ta shigo unguwar, ta ɗauke yara bakwai. Shi ma ya kwanta, har an fid da rai. Ranar ce Turai ta buɗe takardar. A can ƙasanta ta ga wani zane zagayayye mai rubutu a ciki. Ta sha ganin mijinta yana zana hatimi a ƙarshen rubutun sha, ta kuma ji yana cewa a nan ƙarfin addu'a yake. Sai ta jiƙa auduga ta goge zanen da layukan da ke kusa da shi, ta matse a ƙoƙo, ruwan ya yi launin shuni, ta ɗura wa yaron. Kwana uku tana yi har wurin ya koma fari. Yaro ya tashi. Daga nan ta kai wa baduku takardar a ninke ya ɗinke ta cikin fata, ta rataya a wuya, ba ta ƙara cire ta ba. Alkasim ya ji wannan labari ya fi sau ɗari. Kullum da abu ɗaya take rufewa: "Ubanka ne ya warkar da kai daga inda yake."

Da ya girma ya iya Larabci, sai ya ɗora wa kansa wani aiki da ba wanda ya sa shi. Ya fara rubuta asalin gidajen Ba'awa: wane daga ina ya zo, wa ya haifa, a ina ya kwanta. Yana da ƙa'ida mai tsauri, ba ya sa abu a littafin sai ya ji daga bakin mutum biyu ko ya gani a rubuce. Ya rubuta gidan maƙera, ya rubuta gidan liman, har Fulanin da ke bakin rafi ya je ya tambaye su kakanninsu. Shafi ɗaya ne ya bari fari, sunan Malam Ladan kawai a samansa. Jajibirin kowace Salla, in maza sun ɗauki fartanya sun tafi maƙabarta gyara kaburburan iyayensu, shi sai ya zauna a zaure yana fiƙe alƙalami. Abin yana cinsa, ba ya dai faɗa. Bai sa rai uban yana raye ba, shi ba yaro ba ne. Wuri kawai yake so a nuna masa, ya je ya tsaya a kai ya yi addu'a, ya dawo ya cike shafinsa.

Turai ta rasu a 1951, da aurenta a kanta kamar yadda take faɗa. Matan da suka yi mata wanka suka miƙo masa layar. Ya ajiye ta har aka yi sadakar arba'in, sannan wata safiya ya sa aska ya farke ɗinkin, don ya ga rubutun ubansa a karo na farko. Da ya warware takardar sai ya zauna yana kallonta kamar an watsa masa ruwan sanyi. Babu bismilla, babu baƙin Larabci ko ɗaya. Rubutun Nasara ne, siriri, a kwance kamar ciyawar da iska ta bi ta kai. Layi goma sha ɗaya ne suka rage, ƙasansu kuma farin wuri mai dabbare-dabbaren ruwa.

Wurin da aka wanke bai dame shi ba. Shi marubuci ne, ya san tsarin wasiƙa: a sama ake cewa daga wane, a gari kaza, zuwa ga wane, sannan magana, ƙasa kuwa ba komai sai haza wassalam. Ya ce a ransa Inna gaisuwa kawai ta wanke, ainihin maganar tana nan. Abin da ya rage a sami mai karantawa.

Ya fara da Malam Bala, malamin elementare a Kiru, saurayi mai son a san ya yi boko. Bala ya gyara hula, ya karɓi takardar, ya buɗe baki zai fara, sai bakin ya tsaya a buɗe. Ya juya ta, ya kai ta kusa da ido, daga ƙarshe ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan ba Ingilishi ba ne. Faransanci ne. Amma ga sunan Ladan nan, ga kuma Kano." Alkasim ya sa aka nuna masa wurin da yatsa. Ya dawo gida da kalma biyu, waɗanda dama ya san su.

Aka ce masa ai akwai Mudi a Bebeji, tsohon sojan Faransa mai sayar da goro, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Ya je ranar kasuwa. Mudi da ganin takardar ya miƙe ya ƙame, ya sara mata, ya zuba yare har masu sayen goro suka taru. Da Alkasim ya ce to a karanta, sai Mudi ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, mu fa a baki aka koya mana. Tsaya, juya, harba. Takarda ta manya ce." Ashe ma a kife ya riƙe ta.

Shekara ta zagayo, ya bi motar gyaɗa zuwa Kano, don an ce Kwarori, Larabawan nan masu kantin yadi, suna jin Faransanci suna jin Larabci. Ya sami wani, ya gaishe shi da Larabcin littafi tsantsa, mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce rabonsa da jin irin wannan tun huɗubar garinsu. Ya duba takardar a tsaitsaye, ya ce wannan hannun tsofaffin sojoji ne, sai an zauna, a bar masa ita a dawo bayan mako. Alkasim ya ce takardar ba ta kwana a hannun kowa. Mai kanti ya ɗaga kafaɗa ya juya wajen masu ciniki. Ka ce taurin kai ne, ba zan musa ba. Amma mutum ya ba da abin da uwarsa ta rataya a wuya shekara arba'in da wani abu, a ajiye masa a ƙarƙashin bandir ɗin akoko?

Shi dai ya san irin mutumin da yake nema. Ba mai jin yaren kasuwa ba. Wanda ya san rubutun Faransawan farko, ya san barikokinsu da hanyoyin ayari na da, ya kuma iya mai da magana Larabci layi bayan layi, yadda shi Alkasim zai rubuta da hannunsa ya auna kowace kalma. In ya faɗa wa mutane haka sai su yi murmushi, su ce Malam yana neman ƙahon jaki. Shekara huɗu yana tambaya. Duk baƙon da ya sauka a masallacin Ba'awa sai ya kai masa tuwo, ba don yawan kyauta ba, don ya tambaye shi.

Matambayi ba ya ɓata. Bayan girbin 1955 wani lebura da ya dawo daga haƙar kuza ya ce akwai wani tsoho a wani ƙauye gaba da Tudun Wada, wajen Doguwa, ana ce masa Shitu Tafinta. Mutumin Damagaram ne, ya biyo 'yarsa da ke aure a can. Ya ce ba mai zuwa wurinsa, don an ce ya yi wa Nasara aiki har ya tsufa. Washegari Alkasim ya rufe zaurensa, ya rataya gafakar ubansa, ya kama hanya a ƙasa. Kwana uku ya yi, ƙasa tana ta tashi, duwatsu suna matsowa, har ya isa.

Da hantsi ya same shi a ƙarƙashin tsamiya a ƙofar gida, shi kaɗai a kan buzu, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Tsoho ne tukuf. Alkasim ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi.

"Lafiya lau, samari," in ji Shitu, ga mutum mai furfura. "Ɓatan hanya ka yi? Nan ba a zuwa sai da kuskure."

"Wurinka na zo, Baba. Daga Ba'awa, ƙasar Kiru. An ce kana karanta Faransanci."

Tsohon ya gyara tabarau ya ce, "Shekara goma sha biyu ba wanda ya tambaye ni wannan. Halima! Kawo wa baƙo ruwa, yau ubanki ya yi kasuwa."

Kafin a taɓa takarda sai da Alkasim ya gwada shi, ya jefa masa magana da Larabci. Shitu ya mayar masa da wanda ya fi nasa tsabta. Ya ce ubansa malami ne, shi kuma ya yi sauka ya fara littattafai kafin a ɗauke shi a sa shi makarantar Faransawa, daga nan ya yi shekara talatin yana tafinta daga wannan bariki zuwa wancan. Ya ce, "Malamai suka ce na zama na Nasara, Nasara kuma ba su taɓa cewa ni nasu ba ne. Kawo mu gani."

Ya shimfiɗa takardar a gwiwa, ya shafa ta da bayan hannu. "Wannan ta tsufa. Hannun sajan ne, irin na farkon zuwansu, lokacin bariki bai wuce ɗaki biyu da tuta ba. Fid da alƙalaminka."

Haka suka yi aikin. Shitu ya karanta layi a bayyane, ya yi shiru yana motsa leɓe, sannan ya faɗe shi da Larabci a hankali, Alkasim ya rubuta. Inda kalma ta yi gardama su tsaya su daidaita. Ga abin da ya fito:

"Ni shugaban wannan bariki na shaida cewa ayarin kanwa ya bar mana wani mutum mara lafiya, sunansa Ladan, malami, daga wani ƙauye na ƙasar Kano. Ya yi kwana tara yana zazzaɓi. Ya rasu da safiyar Alhamis."

Alƙalamin ya tsaya. Alkasim ya yi salati, ya share ido da hannun riga, ya ce a ci gaba.

"Musulmin bariki sun yi masa salla, sun binne shi gabas da rijiya. Kafin ya rasu ya roƙa a sanar da matarsa Turai." Shitu ya dakata. "A nan Baturen ya ce, domin ta yi zaman makoki irin na addininsu. Takaba yake nufi, bai san sunanta ba ne. Rubuta idda. Domin ta yi takaba, ta auri wanda zai riƙe ta da yaron, kada ta zauna jiransa. An ba da gafakarsa ga madugun da ya fara wucewa kudu. Shi ke nan, layi goma sha ɗaya."

Alkasim ya rubuta har ƙarshe, don hannu ya saba, amma bai ga abin da yake rubutawa ba. Inna yake gani, tana zaune a bakin ƙofa da yamma tana kaɗi, in ta ji kukan jakin fatake sai ta ɗaga kai. Takardar da ta ce mata tashi ki yi aure, ita ta rataya a wuya ta zama shaidarta cewa mijinta yana raye.

Ya ajiye alƙalamin ya ce, "Baba, wace rijiya? Wane bariki? Duba sama, ai a nan ake faɗin gari."

"A wasiƙarmu ke nan," in ji Shitu. "Su a irin wannan takarda a ƙasa suke sawa. An yi a wuri kaza, ran kaza, sai sa hannu, sai a buga hatimin bariki, zagayayye, da sunan garin a jikinsa." Ya ɗaga takardar ya duba ta a hasken rana, ya sa yatsa a kan farin wurin. "Ga gurbinsa nan. Ruwa ya ci shi. Kuma ba ruwan sama ba ne, wannan gogewa aka yi. Wa ya yi wannan aiki?"

Alkasim ya kai hannu ya shafa zanzanar fuskarsa. Ya ba shi labarin agana, da auduga, da ƙoƙo, da ruwa mai launin shuni. Tsohon ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya ce, "Allah ya ji ƙan wannan mata."

"Kai ka san barikokin nan duka, Baba. Ka yi mini kintace."

"A hanyar kanwa a wancan zamani na san biyar. Kowanne da rijiya, kowace rijiya da gabas. Uku ma an tashe su tun ina aiki, rairayi ya rufe. In ka matsa mini zan faɗi ɗaya, ka tafi ka yi wata biyu a hanya ka tsaya a kan kabarin wani. Na yi shekara talatin ina faɗin abin da aka faɗa, ban ƙara ba ban rage ba, shi kaɗai ne abin da zan nuna wa Ubangiji. Kai kuma da ka ce marubuci ne, za ka sa kintace a littafinka?"

Alkasim ya sunkuyar da kai. Ƙa'idarsa ce aka miƙo masa.

Ya yi kwana biyu a gidan, don tsohon ya riƙe shi, yana ta ba shi labarin ayari da barikoki kamar mai sauke kaya. Da zai tafi Shitu ya rako shi da sanda har bakin hanya, ya ce in ya sami wata takardar ya kawo, ko ta haraji ce. Duka biyun sun san ba za a sake haɗuwa ba.

A Ba'awa maƙwabcinsa Buba ya tare shi a ƙofa ya ce, "Malam, an dace?" Ya ce an karanta. Bai ƙara ba, Buba ma bai ja ba. Ya shiga zaure ya buɗe littafinsa, ya kwafe layi goma sha ɗaya a ƙarƙashin sunan Malam Ladan, ya rubuta cewa daga bakin Shitu Tafinta ne, daga takardar Faransanci da ya gani da idonsa. Da ya zo inda yake rubuta wa kowa makwancinsa, sai ya rubuta gabas da rijiya, ya bar gurbin kalma ɗaya fari.

Jajibirin Salla ya zo. Da safe ya ɗauko allo, ya rubuta saƙon Ladan a kai da tawada mai kauri, tun daga zazzaɓin har zuwa kada ta zauna jiransa. Ya bari ya bushe, ya wanke shi a ƙoƙo. Inna ba ta taɓa sanin wata hanyar karɓar rubutu ba sai wannan. Ya ɗauki fartanya a hannu ɗaya, ƙoƙo a ɗaya, ya bi sahun maza zuwa maƙabarta, suna ta satar kallonsa. Ya nome ciyawar kabarinta tsaf, ya durƙusa wajen kai, ya tsiyaye ruwan a hankali har ƙasa ta shanye.

Ya ce, "Inna, ga saƙonki, ya daɗe a hanya. Ya ce kada ki jira shi." Ya kife ƙoƙon a gefe. "Sunan garin kuwa kada ki damu. Ke kika ba ni, na shanye."